Rahoton Tungar Hamma

Barira ta kama fatar cikin yarinyar da yatsu biyu, ta ɗaga, ta saki. Fatar ta tsaya a tattare, ta daɗe kafin ta kwanta. Uwar yarinyar, wata matashiya mai suna Dela, tana durƙushe a gefen tabarma da kofin roba a hannu, ta kafe bakin Barira da ido ko za ta ji wata magana. Barira ta karɓi kofin, ta ɗiga wa yarinyar ruwan gishiri da sukari da cokali, ta nuna wa Dela yadda za ta ci gaba da ba ta ko da tana amayarwa. Sannan ta ciro wayar ofis daga jaka ta buɗe fom.

Sunan yarinyar Husna, shekararta huɗu, ciwon ya kama ta jiya da la'asar. Ita ce ta tara da Barira ta rubuta tun safe, ban da biyun da aka riga aka binne.

Shekara shida ke nan Barira tana aikin sa ido kan cututtuka a ofishin lafiya na Bagudo. Duk ƙauyen da aka ji ƙishin-ƙishin ɗin ƙyanda ko sanƙarau, ita ake turawa. Amma wannan zuwan ba ofis ne ya aiko ta ba. Innarta ce ta ji an yi jana'iza biyu kwana ɗaya a Tungar Hamma, garinsu na haihuwa, ta ce ta je ta dubo mata 'yan'uwa. Barira ta taso tun asuba, ta saka wayar ofis da ƙunshin gishiri da sukari a jaka don sabo kawai. Gida na biyu da ta shiga ta gane abin da take kallo. Kwalara ce.

Tana fitowa daga ɗakin Dela aka ce mata sarkin ruwa yana nemanta.

Sarkin ruwan, Kawu Namadi, yayan innarta, yana zaune a kan wani tsohon jirgi da aka kife kusa da rumfunan banda. Hayaƙi ya rufe wurin, mata na juya kifi a kan ragar waya, kwanduna a jere har bakin ruwa. Jibi Alhamis kasuwar tungar ke ci, kuma a wannan lokaci na damina mafi yawan masu saye daga Benin suke zuwa, tafiyar rabin sa'a ce a jirgin inji. Barira ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa a gajarce, ya sallami mutanen da ke kusa, sannan ya nuna jakarta da haɓa.

"An ce kina ta rubutu cikin waya. Mi kinka rubuta?"

Ta faɗa masa gaskiya: sunaye, shekaru, gidajen da ciwon ya shiga, da hoton mashayar da ake ɗibar ruwa. Ya tambaya ko abin ya riga ya isa wajen manyanta. Ta ce bai isa ba.

Daga baya ta yi ta tunanin abin da ya sa ta ƙara bayani, domin bai nemi bayanin ba. Ta gaya masa yadda Zayyanu, mai kula da kwamfutocin ofishinsu, ya saita manhajar aikin. A ƙauyukan bakin iyaka waya kan tsallake ta kama sabis ɗin Benin ba tare da mai ita ya sani ba, datar wata guda ta ƙare cikin yini ɗaya. Bayan haka kuma, Zayyanu ya ce sunayen marasa lafiya ba abin da za a riƙa aikawa ta waifan shagon caji ko na masauki ba ne, inda ba a san wanda ke leƙawa ba. Sai ya yi wa manhajar jerin hanyoyin da ta yarda da su, kuma suna ɗaya ne tak a jerin, waifan ofis. Duk abin da ma'aikaci ya rubuta a daji yana nan kwance cikin wayar. Da ya shiga ƙofar ofis, waya ta ji waifan da ta sani, sai ta tura komai da kanta.

Kawu Namadi ya saurare ta har ƙarshe, yana murza igiyar koma a tafin hannu.

"Wato in ba ki shiga ofis ba, ba shi tafiya."

"Haka ne, Kawu."

Bai ce ta goge ba. Da ya ce ta goge, da ta samu sauƙin amsa, don abin da aka rufe a fom ba ya goguwa. Kwana biyu ya roƙa. Ya tuna mata shekara huɗu da suka wuce, lokacin da irin wannan rahoto ya fita: aka rufe kasuwa sati biyar, banda ta ruɓe a kwanduna, masu saye suka koma wata mashiga can sama, rabinsu har yau ba su dawo ba. Ya ce ya hana ɗibar ruwa a tsohuwar mashaya tun jiya, zai sa kowane gida ya tafasa na sha, zai sa ido da kansa. A bar mutane su sayar da wahalarsu ranar Alhamis, Jumma'a da safe ta tura abin da take so, shi da kansa zai tari likitoci.

Barira ta ce Husna da wani tsoho da ke gidan liman ƙarin ruwa suke bukata, ba za su kai Jumma'a da cokali ba. Ta ce ranar kasuwa mutum ɗari biyar za su sha ruwan garin nan, su ci abincinsa, su koma gidajensu ta ɓangare biyu na iyaka.

"Na ji," in ji shi. "Ɗiyata, ban taɓa roƙonki komi ba. Kwana biyu."

Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Bayan rasuwar babanta, wannan mutumin ne ya tsaya kai da fata sai ta yi karatun lafiya a Jega, lokacin da sauran dangi ke cewa sakandare ta isa. Ta raba sauran gishiri da sukarin gida-gida, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta yi masa sallama. Bai ɗago ba.

Bunyaminu, mijin Dela, shi ya fitar da ita a jirginsa zuwa inda ake samun kabu-kabu, don ruwa ya cinye hanyar ƙasa. Kogin ya cika ya yi ja, yana tafe da rassan itace. Sun yi nisa kafin ya rage ƙarar inji ya tambaye ta ko yarinyar za ta tashi. Ta ce in ta samu ƙarin ruwa yau, tana sa rai. Ya gyaɗa kai. Ya san abin da sarkin ruwa ya nema, duk tungar ta sani. Da suka kusa gaɓa ya ce, ba tare da ya dube ta ba, shi ma yana da kwando shida na banda a rumfa, aikin sati uku. Ta jira ya ƙarasa maganar, bai ƙarasa ba. Ya riƙe mata jirgin ta sauka, ya juya.

Ɗan kabu-kabu ya kai ta bakin titi, ta samu wata tsohuwar mota da ke jigila zuwa Bagudo, aka matsa mata wuri a baya tsakanin wata Bafulatana mai ƙwarya da buhun barkono. Ƙarfe goma sha biyu ta wuce. Barira ta san tsarin aikin: rahoton da ya shiga kafin ƙarfe huɗu, ranar ake duba shi a Birnin Kebbi, a ba shi lamba, da lambar ne ake fitar da ledojin ƙarin ruwa da mota daga asibiti. Wanda ya shiga bayan huɗu sai gobe.

A shingen jami'an tsaro na biyu aka sauke kowa. Wani jami'i ya zazzage jakarta, ya ga waya biyu, ya tambayi dalili. Ta nuna katin aiki. Ya juya wayar ofis a hannu, ya ce ta buɗe. Ta buɗe, ya tsaya yana kallon jerin sunayen da bai fahimta ba, ita kuwa tana kallon agogon da ke saman wayar. Minti ashirin da biyar suka yi a wurin saboda wasu jarkokin da ke but ɗin motar.

Bayan sun tashi ne wayarta ta kanta ta dawo sabis ɗin gida, kira ya shigo nan take. Inna ce. Kawu Namadi ya riga ya kira Innar. Inna ba ta yi faɗa ba, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron a ji. Ta ce tunda take da Namadi ba ta taɓa jin muryarsa tana rawa ba sai yau. Ta ce ita ce ta aike ta, ba ta san aiken zai zama haka ba. Sai kuma ta tambayi waɗanda suka rasu. Barira ta faɗi sunayen. Inna ta yi salati, ta ce ɗaya jikar ƙawarta ce, tare suka yi wasan ƙasa da kakar.

"To yanzu ina za ki, gida ko ofis?"

"Ina cikin mota, Inna. Sai na iso."

Ta kife wayar a cinya. Gonakin shinkafa suna wucewa, ruwa kwance a cikinsu har bakin titi. A nan ne wata dabara ta zo mata, ta ji kunyarta tun kafin ta gama tsara ta, amma ta riƙe ta. Ba za ta taɓa wayar ofis ba. Ba za ta kashe waifai ba, ba za ta danna komai ba. Ai dole ta biya ofis ta sa hannu a rajistar ma'aikata, kowa ya san haka. Za ta shiga da jakarta a kafaɗa kamar kullum, waya ta yi aikinta. In Kawu ya tambaya, sai ta ce ta manta wayar na cikin jaka, kafin ta ankara ta tura. Zai yi fushi da na'ura, ya yi fushi da sakacinta, amma ba zai ce ta dubi idonsa ta ƙi shi ba. Husna ta samu ruwa, ita kuma ta samu bakin gaishe shi ranar sallah.

Ƙarfe uku saura kwata ta sauka a tasha, ta taka zuwa ofis. Kullum daidai famfon da ke bayan get wayar ke yin 'yar girgiza a jaka, alamar ta kama waifai ta fara turawa. Barira ta rage sauri da ta zo famfon. Ta dafe jakar da tafin hannu. Shiru. Ta wuce baranda, ta gaisa da masinja, ta sa hannu a rajista, ta zauna a teburinta, har yanzu hannunta na kan jakar. Ta ba wayar minti biyar. Sannan ta zuge zif ta duba.

Fom goma sha ɗaya, duk suna jiran turawa.

Ta sami Zayyanu a ƙaramin ɗakinsa na ƙarshen baranda, yana tsaye kan kujera yana ɗaure wayar lantarki a bango. Ta ce masa wayarta ba ta tura komai ba. Ya ce ai ba ta nan da safe, shi ya sa ba ta ji ba. Tsawar ruwan jiya ta ƙone na'urar waifai ƙurmus. Ya samo wata ya haɗa, tana aiki, amma sunanta daban, don haka babu wayar ofis ɗin da ta san ta. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya saka sabuwar a jerin amintattu, kuma kowace waya sai mai ita ya sa yatsansa. Yawancin ma'aikata suna ƙauyuka wajen rigakafi, shi ya sa ya ce kowa ya kawo tasa ranar Jumma'a da safe a yi gaba ɗaya.

Ya sauko daga kujerar yana kaɗe hannu. "Sai dai in kina da na gaggawa, Malama Barira. Akwai?"

Ranar Jumma'a da safe. Barira ta tsaya a bakin ƙofa da wayar a hannu. Ba sai ta ɓoye komai ba, ba sai ta yi ƙarya ba. In ta ce babu, ko ma ta yi shiru ta juya, Kawu ya samu kwana biyunsa cif, kuma in an zo bincike daga baya, tsawa ce ta ƙone na'ura, kowa shaida ne.

Ta ce masa tana zuwa.

Ta fita bayan ofis inda buta take, ta yi alwala, ta yi azahar ɗin da hanya ta ci mata a kan ɗankwalinta. Bayan ta sallame ta zauna, ba addu'a take ba, ba kuma tunani mai tsari ba. Rumfunan banda take gani da matan da idanunsu suka yi ja da hayaƙi. Ta san su duka da suna, wasu sun goye ta. Ta san abin da sati biyar ba kasuwa ke yi wa gida. Ta kuma san yadda yaro mai kwalara ke yi a sa'o'insa na ƙarshe, yadda kuka ke ƙarewa don babu ruwan hawaye, ta gani sau uku a wannan aikin. A masallacin kotun shari'a da ke maƙwabtaka da su wani ya fara gwada lasifika don kiran la'asar. Ta duba agogo. Uku da ashirin da biyar.

Zayyanu na cin gyaɗa lokacin da ta dawo ta ajiye wayar a gabansa.

"Akwai na gaggawa," ta ce.

Ya dubi fuskarta, ya ture gyaɗar gefe, bai tambayi komai ba. Ya shiga saitin manhajar, ya rubuta kalmar sirrinsa, ya zaɓi sunan sabuwar na'urar, sannan ya juyo mata da wayar. Wani ɗan akwati ya fito da tambaya cikin Turanci, ko mai wannan waya ta amince a riƙa tura bayanai ta wannan hanya. A ƙasa akwai zanen yatsa. Hannunta da ɗan danshin alwala, wayar ta ƙi karɓa. Ta goge babban yatsan a hijabi ta sake ɗorawa.

Wayar ta yi girgiza. Goma sha ɗaya ta koma goma, ta koma tara. A na bakwai ta tsaya, fom ɗin da ke ɗauke da hotuna, layin ya daskare a tsakiya. Zayyanu ya miƙe ya leƙa fitilun na'urar, ya ce ta ɗan yi haƙuri, sabis ɗin rana ne. Can layin ya motsa, sauran suka bi da sauri, allon ya koma fari.

Ba a yi minti goma ba aka kira ta daga Birnin Kebbi. Wata likita ce, ta yi tambayoyi gajeru, ta ba ta lamba, ta ce za ta kira asibiti yanzu a fitar da ledoji arba'in da maganin tsaftace ruwa, tawagar jiha kuma za ta taso gobe da sassafe. Ta ƙara da cewa za a sanar da hukumar lafiya ta ɓangaren Benin, kuma batun kasuwar Alhamis, ta san abin da doka ta ce. Barira ta ce ta sani.

Ta fita baranda ta nemo lambar Kawu Namadi, layinsa na Benin, wanda shi kaɗai ke shiga a tungar. Sai da ta kira sau biyu ya ɗauka. Tana jin kukan kaji da muryoyin mata a bayansa. Ta gaishe shi, ya amsa.

"Kawu, rahoton ya tafi."

A hankali ya yi magana, kamar mai miƙo mata wani abu ta karɓa.

"Kin shiga ofis da ita cikin jaka ke nan. Ita ta tura da kanta, yadda kinka ce."

Barira ta rufe ido. Kalma ɗaya ce, "e", kuma shi ya kawo ta har bakinta.

"A'a, Kawu. Ba ta tura ba. Ni na sa aka buɗe, na sa yatsana."

Ta cire wayar daga kunne ta duba ko layin ya yanke. Bai yanke ba. Da ya dawo, muryarsa ta sarkin ruwa ce, wadda yake raba wa masunta wuraren kamu da ita. Ya ce kada motar ta bi ta tsohuwar hanya, ruwa ya karya kwalbati, su tsaya a mashigar da Bunyaminu ya sauke ta, zai aika jirgi biyu masu inji su jira. Ya ce su zo da allurar ƙarin ruwa ta yara da yawa, tun tafiyarta an ƙaru da biyu. Ta tambayi Husna. Ya ce tana numfashi.

"Tare za mu zo da su, Kawu, in sha Allahu kafin isha."

"Ke ki zauna wajen innarki," in ji shi. "A turo wani."

Ya kashe.

Ta daɗe tsaye a barandar. Motar asibiti ta shigo da baya, direba da wani nas suka fara loda kwalaye, shugaban sashensu ya fito da takarda a hannu yana kiran sunayen waɗanda za su tafi. Nas biyu ne, duk baƙi, ɗaya daga Zuru, ɗaya ko wata uku bai yi a Bagudo ba. Shugaban ya tambaya wa ya san mashigar, wa kuma zai nuna musu gidajen goma sha ɗaya in duhu ya yi. Direba ya ce shi iyakar saninsa bakin titi. Masinja ya dubi Barira, nas ɗin suka dube ta.

Ta kira Inna ta ce kada a jira ta da tuwo. Sannan ta shiga sito ta zaɓi takalmin roba daidai ƙafarta, ta hau bayan motar ta zauna a kan kwalin ledojin ruwa.